Sandar Bakin Tafkinmu

Ni Bakabe ne, ɗan masunta. An haife ni a 1980 a wani ƙauye da ke cikin fadamar Gulbin Kabi, tsakanin Argungu da Augie, inda idan damina ta yi nisa ba a zuwa kasuwa sai a jirgi. Kakana yana da tsagar Kabawa cike da kumatunsa, mahaifina ma haka, ni kuwa fuskata sumul take, don a kaina aka daina a gidanmu. Abubuwan kakanni da muka saki suna da yawa. Amma akwai guda da garinmu ya ƙi saki har yau, wato rufe tafkinmu a hana kama kifi na wani lokaci, kuma a kansa nake son ba da shaida, saboda na taɓa karya shi da hannuna, daga baya kuma shi ya rufa mini asiri ranar da na dawo gida ba ko sisi.

A bayan gari muna da babban tafki. Idan malka ta sauka, wajen Agusta zuwa Satumba, gulbi yakan cika ya batse, ya malale fadama, tafkin ya haɗe da shi. Lokacin ne kifi ke kutsawa cikin burgu da shinkafa yana zuba ƙwai. Da kaka ta yi, ruwa ya fara ja, sai mashigar da ta haɗa tafkin da gulbi ta tsinke, kifin da ke ciki ya zama na gari. Ranar da ta tsinke, Sarkin Ruwa yakan je da kansa ya kafa wata sanda a gaɓar gabas, ya ɗaura mata kaba a ka, mai shela ya zaga gari da yamma. An rufe ruwa ke nan. Ba birgi (ragar jifa), ba mamari (igiyar ƙugiyoyi), ba gura (tarkon kifi), ba ko lalube da hannu, sai ranar fashin ruwa, ranar da ake buɗe tafkin kowa ya shiga su, wato kamun kifi, wadda takan faɗo cikin bazara. Mata suna ɗiban ruwa, shanu suna sha, yara suna wanka a gefe. Kifi kaɗai aka hana. Ba shinge, ba takarda, ba ɗan sanda. Sanda ce da ganyen kaba.

Sarkin Ruwan garinmu yayan mahaifina ne, Baffa muke ce masa. Mutum ne marar yawan magana, tafin hannunsa kamar fatar kada saboda jan igiya.

Azumin 1996 ya faɗo cikin ɗari. Ina da shekara 16, ina makarantar sakandare a Argungu, kuma na ƙwallafa rai a kan yadin sallah irin wanda na ji yaran birni suna ta zancen za a ɗinka musu. Na san babu a gidanmu. Wani dare bayan an sauko daga asham, na jira gari ya yi shiru, na zare birgin mahaifina daga inda yake ratayewa, na bi ta bayan gonaki. Har yanzu ina tuna yadda na ratse nesa da sandar, na zagaya ta yamma, kamar tana da ido. Jifa uku na yi. Ruwan da ya kwana wata uku ba a taɓa shi ba, ba sai an gaya maka abin da ke cikinsa ba: karfasa manya, tarwaɗa, har da balli guda da na sha wuya kafin na ɗaga shi. Kafin asuba na kai wa wata mai banda a ƙauyen gaba, ta ba ni kuɗi ba tare da ta tambaye ni komai ba, na dawo na rataye birgin, na shiga layin sahur.

Da hantsi Baffa ya shigo gidanmu gaisuwa. Ya tsaya gaban birgin, ya kama dalma guda tsakanin yatsunsa, ya murza, ya kai hanci.

"Wa yat tahi da birgin ga ruwa jiya?"

Na ce, "Ni na, Baffa. Gulbi nit tahi."

Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini. "Gulbi rairai garai. Wanga baƙin taɓo na tabki na."

Bai ɗaga murya ba, bai mare ni ba. Da la'asar aka kira ni zauren mai gari. Dokar a bayyane take tun kaka da kakanni: kayan da aka yi satar ruwa da su ana riƙe su sai bayan fashin ruwa, kuɗin kifin a mayar wa gari, wanda ya yi kuma ba ya shiga su a shekarar. Birgin ba nawa ba ne, shi ne abincin gidanmu. Wasu dattawa suka ce a duba, tunda yaro ne ya ɗauka ba da sanin uba ba. Baffa ya ce idan aka duba yau saboda ɗan ƙanensa ne, gobe ba shi da bakin hana kowa. Mahaifina ya tashi da kansa ya ɗauko birgin ya ajiye a gabansu. Wata biyu yana tuƙa wa wani jirgi ana ba shi ɗan abin da ya samu. Bai taɓa ce mini uffan a kan maganar ba har ya koma ga Allah, kuma da ya zane ni da ya fi mini sauƙi. Inna kuwa ta yi kwana uku ba ta je tafki ɗiban ruwa ba, ƙannena take aikawa.

Kafin a sallame ni daga zauren, Baffa ya ce in lissafa masa gidajen garin da babu namiji mai shiga ruwa. Na fara ƙirgawa da yatsu: gidan gwauruwar da mijinta ya nutse, gidan makauniya, gidan tsohon da ƙafarsa ta shanye, da sauransu. Goma sha ɗaya na samu. Ya ce, "To, ranar su kai ka kai masu rabonsu, gida gida, da kanka."

Daren jajibirin fashin ruwa ake gyaran ruwa. A wancan zamanin ana yanka baƙin bunsuru a gaɓa, a zuba fura da zuma, sannan Baffa ya shiga jirgi shi kaɗai ya zaga tafkin cikin duhu. Mutane sun yi imani yana sallamar kadoji ne su ja gefe, kuma ni dai a tsawon rayuwata ban taɓa ganin kada ya kama mutum ranar su ba. Da gari ya waye, gaɓa ta cika maƙil da mutanenmu da na ƙauyukan maƙwabta, kowa da homarsa biyu, ɗaya a kowane hannu, da babban gora ɗaure a kugu. Abin da mutanen Kano ke ce wa koma, har suke karin magana da shi su ce kifi na ganinka mai jar koma, shi muke kira homa. Goran shi ne jirginka idan ruwa ya fi ƙarfinka, shi ne kuma rumbunka, ta bakinsa kake jefa abin da ka kama. Makaɗa suna cikin jirage da kalangu, wasu suna girgiza goruna masu tsakuwa don su koro kifi zuwa inda ba zurfi. Aka harba bindiga. Ƙasa ta yi rawa da gudun mutane, ruwa ya koma baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci.

Ni ina tsaye a gaɓa da ƙwarya a ka, tsarana duk suna ciki. Duk wanda ya fito yakan cire wani abu daga goransa ya jefa a tsibin gari, ba a ce masa ga adadi, amma kowa na kallon hannun kowa. Daga tsibin nan ake fitar da na mai gari, da na liman, da na baƙi, da na gidajen nan goma sha ɗaya. Na yi ta jigila har rana ta karkata. Gida na ƙarshe na makauniyar ne. Na yi sallama na durƙusa na ajiye ƙwaryar. Ta miƙa hannu ta shafa kan kifin, ta bi gashin bakinsa da yatsa, ta ce ragon ruwa ne, ta daɗe ba ta ci ba. Sai ta tambayi ɗan wane ne ya kawo. Na faɗa. Ta yi shiru kaɗan, don labarina babu wanda bai ji ba, sannan ta ce, "Allah shi yi ma albarka, ɗana. Ka gaishe da innarka." A bakin ƙofarta na tsaya na yi kukan da ban yi a zauren mai gari ba.

Idan aka ce al'adar Kabawa, yawancin mutane bikin Argungu suke tunawa, kuma ba laifinsu ba ne. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara aka shirya masa su don girmamawa, bayan gabar da ta daɗe tsakanin Kabi da Sakkwato, Matan Fada, gulbin da ake yin bikin a cikinsa, ta zama wurin da duniya ke zuwa kallo. Hukumar UNESCO ma ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Na sha shiga, ina alfahari da shi, kuma duk Bakaben da ya shiga Gidan Nabame, gidan tarihin Argungu, ya ga kayan yaƙin kakanninsa da kaburburan sarakuna, ya ji labarin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, da Surame, tsohon birninsa, sai tsigar jikinsa ta tashi. Amma bikin ya tsaya bayan na 2009, bai dawo ba sai Maris na 2020. A cikin shekarun nan ba a fasa kafa sanda a bakin tafkinmu ko sau ɗaya ba. Babu gwamna, babu kyautar mota, babu mai ɗaukar hoto. Su na awa guda da ake yi a Matan Fada daga irin namu aka ɗauko shi, kuma ni a ganina ranar da ƙauyuka suka daina rufe ruwansu, bikin birni zai zama kwaikwayo kawai.

Ban ƙarasa makaranta yadda aka so ba. A 2001 na bi Sarkawa zuwa Yauri, muka yi ta su a tafkin Kainji. Sarkawa jininmu ne, daga Kabi kakanninsu suka bazu suka bi Kwara da Binuwai har Tafkin Chadi, don haka ban ji baƙunta ba. A can na ga yadda ruwa ke zama idan na kowa ne kuma ba na kowa ba. Ana jan dalla, wata babbar raga mai ƙananan idanu, ta kwaso 'ya'yan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba, a shanya a sayar wa masu abincin kaji. Na ga inda aka zuba gamalin, maganin ƙwari, a wani lungu, da safe ruwan ya yi fari da kifi, manya da ƙanana, har kwaɗi. Kakanninmu ma sun san magimfa, tsiron da ake sa wa kifi guba da shi, amma a garinmu wanda ya zuba ta a tafki sai ya bar gari. Ni ma na ja dallar, ba zan ɓoye ba, don idan ka bari wani ne zai ja.

A 2006 na wuce Baga. Allah ya buɗa mini a can. Na mallaki jirage biyu da injin, na yi aure, ina kai bandar kifi kasuwar Doron Baga inda ake loda kwalaye a manyan motoci zuwa Anaca da Legas. Sai na riƙa jin fashin ruwan garinmu kamar wasan yara, kifin yini guda da bai kai abin da nake samu a mako ba. Shekara takwas ban halarta ba.

A farkon Janairun 2015 aka shigo Baga da yaƙi. Ba na son dogon bayani a kan wannan. Mun fita da ƙafa, ni da matata da yara huɗu, da kayan jikinmu. Mun yi makonni a Maiduguri kafin wani ɗan garinmu ya aiko da kuɗin mota. Na iso gida da dare da gangan don kada a ga yadda na dawo.

Bazarar shekarar, ana saura kwana biyu fashin ruwa, Baffa ya aiko jikansa da homa biyu da gora. Na kakanmu ne, na gane su da wani gyaran da aka yi wa bakin goran da fata. Na shiga ruwa a karon farko cikin shekaru, na fito da abin da Allah ya ba ni, na jefa nawa a tsibi. Da yamma muna zaune sai ga sallama, wani yaro da ƙwarya a ka. An sa gidana cikin gidajen rabo. Na tashi zan mayar, na ce ai ni namiji ne mai shiga ruwa. Inna ta riƙe mini riga ta ce, "Zamna. Ba a maida rabon gari." Matata, wadda 'yar Barno ce ba ta san wannan tsari ba, ta yi ta kallon ƙwaryar tana share hawaye. Kifin ranar, da nawa da na rabo, shi muka banda muka sayar na sayi irin shinkafa. Daga nan na sake tsayawa da ƙafata.

Na tarar da abubuwa sun canza. Dattawa sun daɗe suna cewa tun da aka datse ruwa a Bakolori a 1978 da Goronyo a 1984, ambaliyar ba ta zuwa yadda suka san ta. Wata shekara ta yi kaɗan, wata shekara a sako ta gaba ɗaya ta cinye gonaki. Sannan a ƙarshen 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, noman rani ya bunƙasa, kowa ya sayi injin ban-ruwa. Alheri ne, ni ma na ci. Amma injin ba ya ganin kaba. Cikin shekara biyu aka jera injuna a bakin tafki, dare da rana suna zuƙa. Doka ta hana kama kifi, ba ta hana ɗiban ruwa ba, don waɗanda suka kafa ta tulu da ƙwarya suka sani. Wata shekara tun kafin bazara ta kankama ruwan ya koma iya gwiwa, kifi ya fara tasowa yana haki, shirwa da balbela suka yi ta biki, dole aka yi fashin ruwa ba shiri.

Zaman da aka yi a kan wannan ya ɗauki dare uku, kuma ya yi zafi, don masu injin da masu homa mutane ɗaya ne, wani ma uba da ɗa. Wani ya ce buhun shinkafa nawa za a yi asara saboda kifin yini guda. Na tashi na ba su labarin ƙwaryar da aka kawo gidana, abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Ban ce maganata ce ta raba gardama ba. Abin da ya raba ta dabarar wani tsoho ce. Ya ce a ƙara sanda ta biyu a cikin ruwa, a yi mata alama da wuƙa daidai ƙirjin namiji. Muddin ruwa ya rufe alamar, kowa ya ja. Ranar da ta bayyana, a janye injuna, masu gona su koma rijiyar burtsatse. Aka tara kuɗi aka taimaka wa waɗanda gonarsu ke dogara da tafkin kacokan suka haƙa nasu. Ba kowa ya ji daɗi ba, har yau akwai mai gunaguni, amma alamar tana nan.

Rigima ta biyu ta fi taɓa zuciya, ita ce ta bunsuru. Samarin da suka yi karatun addini, har da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, suka ce yanka a bakin ruwa da zuba fura shirka ce. A wannan ina tare da su, don ni na yi imani babu mai ba da kifi sai Allah. Inda muka rabu shi ne da wasunsu suka ce a tumɓuke sandar ma, wai duk kayan jahiliyya ne. Liman ya zaunar da su ya ce rufe ruwa amana ce da maslahar jama'a, ba ta da alaƙa da bauta. Baffa ya daɗe bai ce komai ba, abin ya yi masa ciwo, don a hannun mahaifinsa ya ga ana yi. Daga baya da kansa ya ce a mayar da yankan ƙofar masallaci, a yi da sunan Allah, a raba naman sadaka, a yi addu'ar neman tsari ga masu shiga ruwa. Haka ake yi yanzu. Zagayen dare a jirgi kuwa bai bari ba sai da idonsa ya raunana, kuma babu wanda ya hana shi. Ya ce mutum ba ya tura jama'a cikin ruwan da bai duba ba.

Mutanen waje sukan tambaye ni wa ke gadin tafkin. Muna da samari da ke kwana bi da bi, ni nake tsara musu, amma gaskiya mata ne masu gadi. Su ke zuwa da asuba, su ke ganin sawun da bai kamata ba. Kuma masu banda na garinmu da na ƙauyuka uku da ke kusa sun yi alkawari tsakaninsu ba sa sayen kifin da aka kawo da dare lokacin da ruwa ke rufe. Wanda ya sata ba shi da inda zai kai. Yara kuwa a gindin tsamiyar bakin kasuwa suke koyo, inda dattawa ke zama gyaran homa da la'asar. A nan za a miƙa wa yaro zare a ce ya ƙulla, a kwance a ce ya sake, a nan zai ji bambancin kurungu da ƙaraya, da yadda ake gane minjirya kafin ta girgiza ka, da inda gaiwa ke binne kanta a taɓo ta jira damina. Ranar fashin ruwa har yanzu mai shela ke fara sanarwa, sannan a sa a WhatsApp don 'yan garin da ke Legas da Yauri da Yamai su shirya. Suna zuwa. Wasu ranar kaɗai ake ganinsu a shekara, kuma aure da yawa a gaɓar nan ake ƙulla shi.

Bara ni na ɗauki sandar a kafaɗa, babban ɗan Baffa wanda zai gaje shi ya riƙe masa hannu, muka taka a hankali har gaɓar gabas. Mu muka kafa, amma ya ce kabar shi zai ɗaura. Ya lalubi kan sandar, ya yi ƙulli biyu, ya ja ya ji ya kama. Sai ya tambaye mu ko gurbin tsakiya yana nan da zurfinsa. Muka gaya masa gaskiya: tun ambaliyar 2020 rairayi ya cike kusan rabinsa, inda gwangwala ke nutsewa duka yanzu tana taɓa ƙasa, kuma an jima ba a fito da giwan ruwa daga tafkin ba. Ya ce a zamanin mahaifinsa an taɓa yashe shi da gayya, da ƙwarya da kwando, bayan su, lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai.

Mai gari ya amince a sake yi a bazarar nan, mako guda bayan fashin ruwa. An raba aikin unguwa unguwa, mata za su yi tuwo da fura, 'yan garin da ke waje sun aiko da kuɗin baro shida. An ce kowane gida ya kawo shebur guda. Na sayi biyu a kasuwar Argungu, ɗaya nawa, ɗaya na babban ɗana, suna jingine a zaure.